Mai gida ya ƙara haya, ya ce in tashi ƙarshen wata in ban yarda ba

Ɗan Bukoki:
Assalamu alaikum. Ɗaki da falo ne a unguwar Bukoki a Yamai, haya jika 30 a wata. Mai gida ya aiko dillalinsa cewa daga wata mai kamawa jika 45 ne, in ban iya ba in kwashe kayana. Babu kwantara a rubuce, kuma yana bi na wata biyu. Yana da ikon fitar da ni haka? Ta ina zan fara?

Malam Mai Takarda:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, bashin wata biyun nan shi ne abin tsoro, ya fi ƙarin kuɗin. Mai gida ba ya da hurumin cire maka ƙofa, ko yanke maka wuta da ruwa, ko watso kayanka titi. Fitar da ɗan haya da ƙarfi sai da hukuncin alƙali, kuma wisiye ne ke zartarwa. Akwai dokar haya ta 1996 a ƙasar nan ta Nijar, kuma yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce. Amma in aka je gaban alƙali, tambayar farko ita ce ko kana biya. Wanda ake bi bashi bakinsa ya mutu.

Saboda haka ka fara da rage bashin, ko da wata ɗaya ne, kuma kada ka miƙa kuɗi hannu da hannu ba resi. Resin ya ɗauki sunanka, watan da aka biya, adadin kuɗin da sa hannun mai karɓa. In ya ƙi rubutawa, ka tura masa ta Nita ko Amana da sunansa, ka adana takardar. Kada ka ba dillali sai mai gida ya tabbatar maka da bakinsa gaban shaida cewa shi ne wakilinsa. Sau da yawa kuɗi na maƙalewa a aljihun dillali, mai gida kuma yana can yana lissafin ba ka biya ba.

Sannan ka nemi ya ba ka sanarwar ƙarin a rubuce da kwanan wata. Saƙon baki ta hannun ɗan aike ba ya tabbatar da ranar da wa'adi ya fara. In takardar kotu ta zo, ka je ranar da aka sa, domin in ba ka je ba za a yanke a bayanka. Wanda ba ya da kuɗin lauya ya nemi ofishin ANAJJ, hukumar ba da taimakon shari'a, a kotu, aikinsu ke nan taimaka wa marasa ƙarfi.

Hajiyar Talladje:
Gaskiya ne Malam, amma ɗana, kada ka yi gaggawar kotu da mutumin da kake kwana cikin gidansa. Ka ɗauki dattijo ɗaya ko limamin masallacinku ku je wajensa shi kansa, in ta ƙi ku je gun mai unguwa. Ka tafi da magana tsayayya: zan biya bashin kashi uku, ƙarin kuma a raba, jika 5 yanzu, saura bayan wata shida. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Shi ma ya san in ka tashi sai ya yi fenti, ya gyara masai, ɗakin ya zauna wofi kafin wani ya shigo.

Baban Yara:
Kafin ka ce za ka tashi, yi lissafi da biro. Sabon gida yana son abansi na watanni, da kosiyon, da ladan dillali, da kuɗin motar kaya. In ka koma Niamey 2000 ko Koira Tegui don neman sauƙi, ka haɗa kuɗin taksi ko man babur na wata guda, da na kai yara makaranta. Wani lokaci ragin jika 10 nan yake ƙarewa. Ka tambaya kuma ko kwantar NIGELEC taka ce kai kaɗai ko ta haɗaka ce, kuma ko akwai tsohon bashin wuta ko ruwa a kanta, don a gidan haya nan rigima ta fi tashi.

Gidan da ya yi araha fiye da kima a Harobanda ko Saga, duba bangonsa daga ƙasa. In ka ga zanen ruwa da gishiri-gishiri, tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2020. Albashi mafi ƙanƙanta jika 42 ne, a ce ɗaki da falo ya haura shi, abin da ciwo wallahi.

Malam Mai Takarda:
Ƙari kaɗan. In wurin shago ne ko gurin sana'a, dokar OHADA, wato dokar kasuwanci ta haɗin gwiwar wasu ƙasashen Afirka, ke aiki: sai an ba ka gargaɗi a rubuce da wa'adin wata ɗaya kafin a nemi kotu ta soke hayar. Kuma ranar tashi ku zagaya ɗakin tare da mai gida, ka ɗauki hoton bango da ƙofofi da lambar kwanta, kafin ka miƙa makulli ka karɓi kosiyonka.