Yaya zan mayar da layukan MySQL su zama array mai rassa a PHP?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana biyu ke nan abin nan ya hana ni sakat. Ina da tebur na rukunin kayan shago, kowane layi da id, parent_id da suna. So nake Hatsi ya shiga ƙarƙashin Abinci, Gero da Dawa kuma ƙarƙashin Hatsi.

Da foreach ɗaya, mataki biyu na fitowa daidai, amma Gero da Dawa sai su yi ɓatan dabo. Na lura id ɗin Gero 4 ne, na Hatsi 9, wato ɗa ya riga uwarsa zuwa. ORDER BY parent_id bai gyara komai ba. Zagaye biyu zan yi da & (alamar reference a PHP), ko recursion (function mai kiran kansa) ya fi? Layukan ba su kai 300 ba. Don Allah a agaza.