Gyaran gida ga mai kare: wane daɓe ne ya yi muku?

Maman Biyu: Jama'a barkanmu da warhaka. Muna gyaran gida, har an ɓamɓare tsohon kafet ɗin falo, don zarni ya kama shi ya daina jin wanki. Karnuka biyu gare mu, babban ya shekara 9, ƙaramin ko wata biyar bai cika ba. Maigidan laminet yake so saboda kamar katako yake, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa sawa don Allah ya ba mu labari.

Uwargida: 'Yar uwa, da ɗan kwikwiyo a gida kar ki soma. Ni na sa laminet, mai lambar jure gogewa AC4, kuma gaskiya farce bai yi masa komai ba. Fitsari ne ya kashe shi. Cikinsa garin katako ne da aka matse, da ruwa ya bi ta mahaɗa sai ya kumbura, kuma ba ya komawa. Kwana ɗaya muka yi ba ma gida, muka dawo muka tarar bakin allo uku ya tashi kusa da ƙofa. Gefen kwanon ruwansa ma haka.

Mai Sa Tayil: Hajiya, shekaruna da yawa a wannan aiki, tayil ɗin fosilin nake ba masu kare shawara. Ruwan da tayil ɗin yake sha bai kai rabin kashi ɗaya cikin 100 ba. Amma mutane na mantawa da simintin da ake cike tsakanin tayil, shi ke shan fitsari ya riƙe wari. A sa na efoksi, wani irin gam da ba ya shan ruwa, ko a shafe shi da maganin hana shan ruwa.

Kawu: Malam Mai Tayil ya faɗi gaskiya, sai dai akwai abin da ya tsallake, kuma ni ya ci ni. Mai sheƙi na zaɓa, wanda kake ganin fuskarka a ciki. Karena a lokacin ya kai shekara 10. Sati bai yi ba na ga in zai tashi ƙafafun baya na zamewa, ya yi ta kokawa kafin ya miƙe. Daga nan ya daina zuwa tarbata a ƙofa, sai ya tsaya bakin falo yana kallona yana kaɗa bindi. Na ɗauka tsufa ne. Likitan dabbobi ya duba ya ce ƙugunsa dama da ciwo, santsin ne ke ƙara masa, ga tsoron faɗuwa. Haka na bi gidan da dogayen dardumai masu roba a ƙasa, tayil ɗin da na kashe wa kuɗi ko ganinsa ba a yi. Ki duba lambar hana santsi a jikin kwali, R10 ko sama. Kuma ki karɓo guda ɗaya, ki jiƙa shi, ki taka da ƙafa.

Auta: Mu binil, wato daɓen roba, mai kama da katako muka sa, irin mai tauri da ake harɗawa. Ruwa ba ya kumbura shi, ba ya ƙarar ƙwas-ƙwas da dare. Ki nemi mai fatar sama ta milimita 0.5, ta 0.3 ta yi sirara ga babban kare. Aibinsa ɗaya, mun ja firji ya bar zane. Kuma kalar duhu muka ɗauka ga farin kare, shara sau biyu a rana!

Uwargida: Auta kin tuna min, in kina jin ƙarar farce yana tafiya, ya yi tsawo, a yanke. Shi ma yana sa zamewa.

Maman Biyu: Na gode ƙwarai. Kawu, maganarka ta tsaya min, don babban namu ya fara nauyin tashi da safe. Na nuna wa maigidan, laminet dai ya fita. Gobe za mu karɓo samfurin binil da tayil marar sheƙi. Auta, naku an manna shi da gam ne, ko shimfiɗawa kawai aka yi a kan siminti?