Faifan da Aka Naɗa a Apapa

Mai Alƙalamin Gwale:

Assalamu alaikum 'yan zaure. Batun makon nan faifan Band on the Run ne, na ƙungiyar Wings ta Paul McCartney, mawaƙin Birtaniya kuma tsohon ɗan ƙungiyar Beatles, wanda aka naɗi mafi yawansa a Legas a 1973. Kowa ya zaɓi amsa-amonsa, amma wanda ya yi kuskure a baiti zai sha gyara a baiti. Na buɗe da ƙwar biyu.

Da sunan Allah nake ɗaura baiti,
Ku ba ni kunne, yara da manya, kowa.

Beatles sun watse tun a 1970,
Abokai huɗu, kowa ya kama hanyar rabuwa.

McCartney ya kafa Wings da matarsa Linda,
Masu sharhi suka ce tauraro yana faɗuwa.

Faifai biyu ya fitar da sunan ƙungiyar,
Kasuwa na saye, jaridu na kushewa.

Sai ya ce a kawo masa jerin sutudiyon kamfanin faifai EMI,
Na ƙasashen duniya, ya zauna yana dubawa.

Idonsa ya sauka a kan sunan Legas,
Ya hango bakin teku da rana da hutawa.

Bai tambayi kowa halin watan Satumba ba,
Ya zo ya tarar da sama tana tsiyayar ruwa.

Ana gobe tafiya mai ganga ya ce ya fasa,
Mai jita kuwa tuni ya riga shi ficewa.

Su biyar ne da, suka wayi gari su uku,
Paul da Linda da Denny Laine mai jurewa.

Wa zai ɗora daga saukarsu?

Baban Agege:

Wa'alaikumussalam Malam. Shekarar ina Agege, yaron shago wajen kawuna mai goro, ina ɗan shekara sha shida. Ban san da wani Bature mai suna Paul a garin ba, amma ruwan nan na san shi.

Shekarar da naira ta kori fam da sule,
Ina ruɗewa a canji, ana yi mini dariya.

Gowon na Dodan Barak, yaƙi ya kwanta,
Shekara uku ke nan da sake ɗinke Najeriya.

Wasiƙa daga gida ta ce fari ya ci shanu,
Mu a Agege ruwa ya shafe mana hanya.

Huhun goro nake ɗauka a ka daga tasha,
Taɓo har ƙauri, lema ba ta da moriya.

To wanda ya zo da gajeren wando don teku,
Sai ya ninke shi ya mayar jakar tafiya.

An sauke su Ikeja, kusa da filin jirgi,
Apapa da nisa, ga cunkoso tun da safiya.

Ni kuwa ina gefe ina ƙirga farin goro,
Ashe maƙwabcina ne mawaƙin duniya.

Ɗan Sutudiyo:

Allah ya ƙara lafiya, Baba. Ni ɓangaren na'ura zan kama, don da ita nake ci.

A titin Wharf na Apapa sutudiyon yake,
Gini rabi-da-rabi, babu kayan kirki.

Na'urar naɗar sauti guda ɗaya ce tak,
Layi takwas take ɗauka, ita ce duk ɗaki.

Geoff Emerick, da ya naɗi Beatles a Abbey Road,
Shi ya lallaɓa teburin sauti mai ciwo a ciki.

Babu mai ganga? Paul ya zauna ya kaɗa,
Ya sauka ya ɗau bes, babu jan birki.

Jitar gaba ma yawanci shi ne, Laine na tallafe,
Linda a kibod, su uku suka raba aiki.

Mutum ɗaya ya zama uku a kan tef guda,
Sauti bisa sauti, kamar tela na ɗinki.

Ni yau a Zoo Road layi ɗari ne a kwamfutata,
Da an ɗauke wuta sai in zauna ina raki.

Shi da takwas ya yi abin da ya haura shekara hamsin,
Ni da ɗari, nawa ba ya wuce daren biki.

Direban Dare:

Ɗan Sutudiyo, ka bar tausayin kanka haka. Ku matsa in ba ku na dare, shi ne fannina.

An gargaɗe su kada su taka da ƙafa in duhu ya yi,
Suka ce ai babu komai, suka fita.

Suna tafe su biyu, shi da uwargida,
Sai ga wasu samari sun tsaya da mota.

Shi ya ɗauka rage hanya za a yi musu,
Har yana godiya, ashe shi ake farauta.

Wuƙa ta fito, aka kwashe na aljihu,
Da jakar da ke ɗauke da baitocin da ya rubuta.

Kaset-kaset na gwaji duk suna cikinta,
Ƙila an goge su an ɗora juju bayan sata.

Ya koma Apapa hannu rabbana,
Ya sake zaro su daga ka tun kafin ya manta.

Ana haka wata rana numfashi ya sarƙe masa,
Ya fita shan iska, ya yanke jiki, Linda ta tsorata.

Aka zaci zuciya ce, aka kai shi asibiti,
Likita ya ce taba ce ta yi yawa, ya je ya huta.

'Yar Zazzau:

Yaya Direba, ka ba ɓarayi baiti shida, kuma har yanzu ba wanda ya ambaci mai gari. Ni ƙwar huɗu zan yi.

Fela na gari, ƙaho a hannunsa,
Africa 70 na tsaye a bayansa,
Tony Allen na gasa fatar gangunansa,
Legas ba kango ba ce mai jiran gyara.

Ya ji labarin baƙo daga Birtaniya,
Ya hau dandalin gidan rawarsa Shrine ya ɗaga murya,
Wai an zo satar kiɗanmu babu kunya,
A kai Landan a sayar, mu a bar mu da bara.

Shi kiɗan rock ina ya samo jijiya? Amurka,
Wajen jikokin bayi masu rera kuka,
Wasu suka ɗauka suka cika jaka,
Tsumma abin gudu ne ga wanda maciji ya sara.

McCartney bai ja faɗa ba, ya gayyato shi,
Ya zaunar da shi, ya kunna tef ya juya mashi,
Babu kalangu, babu Afrobeat ko ƙamshinshi,
Fela ya saurara tsaf, ya janye ƙara.

To ga abin da ke ci mini rai, 'yan'uwanmu,
An naɗi faifai sukutum a ƙasarmu,
Babu makaɗi ko ɗaya a kai daga namu,
Kare mutunci ne wannan, ko kuwa hasara?

Mai Alƙalamin Gwale:

Ƙanwata, baitinki ya yi armashi,
Sai dai layi guda yana neman gyarawa.

Akwai namu a faifan, Remi Kabaka,
A waƙa ɗaya ya sa hannunsa mai ratsawa.

Abin dariyar, ba a Legas aka naɗe shi ba,
A Landan suka haɗu, bayan komawa.

Shi kuma Paul ya je Shrine da ƙafarsa,
Ya sha faɗin kiɗan ya sa hawayensa zubowa.

Ginger Baker, mai gangar ƙungiyar Cream, yana Ikeja a lokacin,
Da sutudiyonsa ARC, yana ta kiran su zuwa.

Yini ɗaya suka ba shi don kada ransa ya ɓaci,
Ya zuba tsakuwa a gwangwani yana kaɗawa.

Ɗan Sutudiyo:

Na Baker layi sha shida ne, ninki biyu,
Amma Paul ɗan gidan EMI ne, ba mamaki.

Ɗan Damagaram:

Sannunku da aiki. Kun tsaya a Legas kamar faifan bai taɓa fita ba. Bari in kai shi kasuwa.

Ƙarshen Satumba suka sauka Landan,
Suka tarar da wata wasiƙa da ta sha kwana.

EMI ce ke cewa kada su je, ana kwalara,
Da ta iske su da wuri, da babu wannan magana.

Tony Visconti ya shirya goge da ƙaho,
Tuwon Apapa ya samu miya, aka zauna.

Ƙarshen 1973 faifai ya shiga kanti,
Da farko tafiyar hawainiya ya nuna.

Sai waƙoƙi biyu suka kama rediyo a 1974,
Sau uku yana hawa na ɗaya a Amurka, ana murna.

A Birtaniya shekarar nan, cikin faifan sutudiyo,
Babu wanda ya kamo shi ciniki a shaguna.

Masu sharhin da suka yi masa jana'iza jiya,
Su suka riga kowa wanke masa suna.

Grammy biyu a 1975, ɗaya ta waƙa,
Ɗaya ta Emerick mai tebur mai ciwo, ku tuna.

Har John Lennon na Beatles, da suka sha gugar zana da Paul a jarida,
Ya yabi faifan a fili da tsakar rana.

Baban Agege:

'Yata 'Yar Zazzau, tambayarki ta tsaya mini a rai. Ba ni da ilimin su Ɗan Damagaram, abin da idona ya gani zan faɗa.

Shekara biyu bayan haka na gan shi a wani shago,
Mutum tara jikin bango, fitila ta kama su gaba ɗaya.

Kamar fursunoni sun haura katanga da dare,
Ban gane Paul ba, in gaya miki gaskiya.

John Conteh na gane, ɗan damben Liverpool,
Uba ɗan Saliyo, shi kuma zakaran duniya.

Don shi na zari kuɗin goro na biya,
Kawu ya gano, na sha faɗa da tsiya.

Na aro garmaho, na ɗora allura a hankali,
Ina jiran in ji Legas, ko hon ɗin mota a hanya.

Babu Apapa a ciki, babu ruwan Satumba,
Turanci ne tsantsa, mai daɗi, ba ƙarya.

Baƙo ya zo da garinsa, murhu kawai ya ara,
Fela ya tsare miya, ban ga laifinsa ba, ɗiya.

Ɗan Sutudiyo:

Baba, a gafarce ni, dokar zaure ce.

Akwai waƙar ruwa a faifan, Mamunia,
A Legas aka naɗe ta, damina na aiki.

Sai dai sunan na wani otel ne a Marrakesh,
Ruwan kuma na Los Angeles ne, ka ji mamaki.

'Yar Zazzau:

Na karɓi gyaran Malam, na ƙara da na Ɗan Sutudiyo.

Ruwa ya jiƙa mutum a kan ƙasarmu,
Ya rera wa ruwan Amurka, ya tsallake namu,
Malam, mako mai zuwa a ba mu damarmu,
Faifan Fela da Baker na Landan, 1971, a fara.

Mai Alƙalamin Gwale:

An karɓa, ƙanwata, ke za ki buɗe. Baba, kafin a tashi, faifan nan yana nan kuwa? Ɗan Sutudiyo ya ce zai saya ko nawa ne.

Baban Agege:

Ɗana, ka makara da shekara talatin,
Na manta shi a kan kwano, rana ta gasa shi tun safiya.

Ya lanƙwashe, allura ta ƙi bin layinsa,
Hajiya ta ce ai faifai ne, ta rufe masa ƙwarya.