Matar ƙanena Basiniya ce, ina so mu yi mata bikin farin wata a gida

Maman Hadiza, Ali Ɗan Sofo:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya auro yarinya daga Ningxia lokacin da yake karatu a Sin. Musulma ce, ƴar ƙabilar Hui, ga ladabi, har tuwon gero ta iya tuƙawa. Kwanan nan na ga jikinta ya yi sanyi, sai mijin ya ce bikinsu na tsakiyar kaka ne ya matso, 6 ga Oktoba a bana 2025, ranar da kowa ke komawa gidan iyaye. Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai. Ina so mu yi mata shi a tsakar gidan Inna. Me ake tanada? Kek ɗin nan da suke ci a bikin (mooncake, wato kek ɗin wata), za a iya yin sa da kayan Maraɗi?

Alhaji na Gwanzu:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na daɗe ina sarin kaya can Gwanzu (birnin Guangzhou na Sin), na ga bikin nan da idona. Yana faɗowa ranar 15 ga wata na 8 a lissafinsu na wata, kusan daren 13 ko 14 a namu, lokacin da wata ya cika. Tun 2008 gwamnatinsu ke ba da hutu. Iyali su ci abincin dare tare, su fito waje da shayi da ƴaƴan itatuwa, yara na yawo da fitilun takarda. Kek ɗin ba a ba mutum guda ya cinye, yanka shi ake ƙanana kowa ya ɗauka. Idan wani zai aiko muku daga can, a duba tambarin halal, don wasu da kitsen alade ake yi.

Malam Issoufou:
Hajiya, asalin bikin akwai masu ajiye wa wata abinci da turare, da labarin Chang'e, matar da suka ce ta tashi ta zauna cikin wata. Wannan ɓangaren a bar shi. Cin abinci tare da faranta ran baƙuwa kuwa zumunci ne. Ki tambaye ta yadda gidansu ke yi, tunda su ma Musulmi ne.

Zouera mai kek, Zariya:
Yaya, zai yiwu sarai! Ɓawon na mutanen Gwanzu garin alkama ne, da man gyaɗa, da ruwan sukari mai kauri da aka dafa da lemun tsami, sai ɗan ruwan toka. Man gyaɗa kuwa ai a gidansa kike. Maimakon ruwan tokar ki jiƙa kanwa ki tace, kaɗan ƙwarai, in ta yi yawa ɗaci zai fito. Cikin kuma su da ƴaƴan bado suke yi, ko jan wake, ko gaurayen gyaɗa da riɗi, wasu su sa gwaiduwar ƙwan agwagwa mai gishiri a tsakiya. Ni dabino zan ba ki shawara: ki cire ƙwallo, ki dafa, ki kirɓa da soyayyen riɗi har ya kama jikinsa. Ɓawon ya zama siriri, cikin ya fi yawa. Ki shafa ƙwai sama-sama bayan ya fara gasuwa. Kada ki ci ranar, zai yi tauri. Ki rufe shi kwana biyu ko uku, man ya ratsa, sannan ya yi laushi da sheƙi.

Maman Hadiza:
Na gode, Allah ya bar zumunci. Malam, na tambaye ta. Ta ce su a gidansu abinci ne kawai da hira, kuma naman rago da taliyar hannu mahaifiyarta ke yi, ita za ta murza da kanta. Za mu kira iyayenta ta bidiyo tun da azahar, tunda sun riga mu da awa 7. Zouera, ba ni da mazubin da ke fitar da zanen furen nan a sama. Kafinta zai iya sassaƙa min na katako, ko in danna da ƙaramin kofin shayi?