Takunkumin ECOWAS kan Nijar: wa aka hukunta?

Dan Jibiya: Salamu alaikum jama'a, abin nan na damuna har yau. Bayan sojoji sun kifar da shugaban Nijar Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta rufe boda, Najeriya ta yanke wa Nijar wuta. Wai daidai ne a horar da talaka kan laifin soja?

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Hujjarsu dai in an kyale juyin mulki ɗaya gobe wani ma zai yi, ga Mali ga Burkina. Kuma Nijar ta sa hannu a yarjejeniyar ECOWAS da ta haramta juyin mulki.

Maman Hafsat: Malam ka yi haƙuri amma ni a Maraɗi nake, na ga buhun shinkafa ya yi tashin gwauron zabi, kantin magani babu insulin na masu ciwon sukari, manyan motoci jere a boda albasa na ruɓewa, su janar-janar kuwa janareta suke kunnawa wallahi ba abin da ya same su.

Dan Jibiya: Gaskiya ne Maman Hafsat. Gashi an janye takunkumin a Fabrairu 2024, Bazoum bai koma mulki ba, Nijar ma ta fice daga ƙungiyar. To me aka samu kenan?