Kula da Fentin Mota a Lokacin Hunturu

A tattaunawar da wasu direbobi da masu wankin mota suka yi a garin Garwa, bakinsu ya zo ɗaya kan cewa ƙurar hunturu ce babbar abokiyar gabar fenti, domin idan aka goge ta a bushe da tsumma, yashin cikinta yana karce jikin mota. Shawararsu ita ce a fara kwarara ruwa har ƙurar ta sauka, sannan a wanke daga rufi zuwa ƙasa, a inuwa, da sassafe kafin ƙarfe ya ɗauki zafi. Sun hana amfani da garin sabulun wanki, saboda yana cire man da ke kare fenti. Kan yawan yin folish, wato goge jikin mota da mai don ya yi sheƙi, ne suka saɓa, amma na fi gamsuwa da masu cewa a rage, tunda kowace guga tana cin fenti kaɗan.