Muhawara: Ɗaure wa 'yan sanda hannu ne ya jiƙa Shikago da jini a 2016?

Baba Ilu: Assalamu alaikum jama'a. Ga matsayina kan harbe-harben birnin Shikago na Amurka, wanda zai musa ya zo da hujja. A watan Agustan 2015 rundunar 'yan sandan birnin ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU, cewa duk wanda ɗan sanda ya tare a titi ya caje, sai ɗan sandan ya zauna ya cika doguwar takarda ya faɗi dalili. Ana shiga 2016 tarewar ta ragu da kusan kashi 80 cikin 100. A shekarar ce kisa ya tashi daga ƙasa da 500 zuwa sama da 750. Na yi aikin ɗan sanda har na yi ritaya, na san halin ɗan daba: in ya tabbata babu mai taɓa ƙugunsa, da makaminsa zai fito. Rigimar da za ta ƙare da naushi sai ta ƙare da gawa. Malamai biyu na jami'ar Utah, Paul Cassell da Richard Fowles, sun bi alƙaluman, abin da suka gano ke nan. A sakar wa 'yan sanda mara, shi ne magani.

Barista Nura: Wa'alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. To yaya za mu yi da New York? A 2011 'yan sandan can sun tare mutane sau 685,000 da ɗoriya, kuma kusan tara cikin goma ba a same su da laifin komai ba. A 2013 alƙaliya Shira Scheindlin ta yanke cewa yadda ake yin abin ya saɓa wa tsarin mulki. Zuwa 2017 tarewar ba ta kai 12,000 ba. Da maganarka gaskiya ce, da gari ya kama da wuta. Sai ga shi a shekarar kisa bai kai 300 ba, a birnin da ya ninka Shikago sau uku a yawan jama'a, birnin da aka kashe sama da mutum 2,200 a 1990.

Baba Ilu: Barista, New York a hankali suka sauke, shekara da shekaru, kuma suka maye gurbin da farautar gungu-gungun da suka sani da suna. Shikago dare ɗaya aka tsaya cak. Sannan kisan Shikago kusan tara cikin goma da bindiga ne, na New York bai kai haka ba. Ba ciwo ɗaya ba ne.

Hajiya Rabi: Baba, ka yi haƙuri in shigo, don a asibitin da ake kawo yaran nan nake aiki. Ka tsallake abu mafi girma da ya faru tsakanin Agustan 2015 da Janairun 2016, wato fitowar bidiyon wani kisa. A watan Oktoban 2014 ɗan sanda Jason Van Dyke ya ɗirka wa Laquan McDonald, yaro ɗan shekara 17, harsashi 16. Rahoton 'yan sanda ya ce yaron ne ya yo kansu da wuƙa. Hukumar birni ta biya danginsa dala miliyan 5 tun ba su kai ƙara ba, bidiyon kuma aka zauna a kansa fiye da shekara. Sai da alƙali ya tilasta aka fito da shi a Nuwamban 2015, kowa ya ga yaron baya yake ba su, tafiya yake. Cikin mako guda aka sallami shugaban 'yan sanda Garry McCarthy. A 2018 kotu ta sami Van Dyke da laifin kisa.

Daga ranar da aka ga bidiyon nan, uwar da a da za ta ɗaga waya ta ce ga wanda ya yi harbi, sai ta ja bakinta. Me za ta faɗa wa mutanen da suka haɗa baki suka rubuta ƙarya? Tarewar da kake yabo kuwa, a bazarar 2014 kaɗai an tare mutane sama da sau 250,000 ba tare da an kama su da komai ba, kashi 72 cikin 100 baƙar fata, alhali ba su wuce ɗaya cikin uku na mutanen gari ba.

Bashir: Anti Rabi, ai kamar kin taimaki Baba ne. Ko takarda ce ta hana su ko tsoron kyamara, 'yan sanda dai sun ja baya, kisa ya hau.

Hajiya Rabi: A'a ƙanena. Baba cewa ya yi 'yan sanda sun ja baya daga jama'a. Ni cewa na yi jama'a sun ja baya daga 'yan sanda. Kusan lokaci ɗaya abubuwan biyu suka faru, shi ya sa lissafi ba ya iya raba su, amma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Alhaji Sani Direba: Ku dakata. Duk kuna magana kamar 'yan dabar Shikago runduna ce mai sarki da hakimai. Wannan zamanin ya wuce. Na fara tuƙin tasi a garin nan lokacin da sunan Gangster Disciples ke sa mutum ya sauya hanya. Shugabansu Larry Hoover yana kurkuku tun 1973 kan kisa, amma daga ciki yake ba da umarni, sai a 1997 gwamnatin tarayya ta sake ɗaure shi ta kai shi kurkukun Florence a Kolorado inda ya daina jin motsin kowa. Jeff Fort, shugaban ƙungiyar daba ta El Rukn, tun 1987 aka gama da shi, kan haɗa baki da Libiya. Manyan na ƙasa da su ma aka kwashe su.

Sai aka zo rushe gidajen gwamnati daga shekarar 2000. Robert Taylor Homes, dogayen benaye 28, kowanne hawa 16, na ƙarshe ya faɗi a 2007. Na Cabrini-Green a 2011. Mutanen ciki aka watsa su Englewood, South Shore, Roseland da sauran unguwanni, yaro ya tsinci kansa a layin abokan gabar yayansa. A 2013 magajin gari Rahm Emanuel ya rufe makarantu kusan 50, yawanci a unguwannin baƙar fata, yara suka koma ratsa layin da ba nasu ba kafin su kai aji.

Yau abin da ake da shi ƙananan gungu ne, ɗaruruwa, kowanne layi biyu ko uku, galibi sunan wani abokinsu da aka kashe suke ɗauka. Ba kasuwar ƙwaya ce ke haɗa yawancin faɗan ba. Wani ya zagi mamacin wani a Instagram, ko ya je layinsu ya ɗauki bidiyo yana dariya, kafin magariba an zo da mota. A 2013 haka aka kashe Hadiya Pendleton, 'yar shekara 15, tana fakewa daga ruwan sama a wani lambu kusa da gidan Obama, mako guda bayan ta yi wasa a bikin rantsar da shi. Masu harbin sun ɗauka 'yan wani gungu ne a wurin. Wane caje ne zai tare wannan?

Bashir: Ke nan Alhaji, kuskure aka yi da aka kama shugabannin? Da suna nan da akwai mai tsawatarwa.

Alhaji Sani Direba: Kar ka ɗora mini wannan, ɗana. Masu kewar Hoover ba su ga zamaninsa ba. Farkon shekarun 1990 ana kashe sama da mutum 900 a shekara, a 1974 an kashe 970. Ga shugabanni da tsari, ga 'yan sanda kuma babu mai tambayarsu takarda. Baba Ilu, wannan naka ne kai ma. Abin da nake cewa kawai, an fasa gidan rina ne aka tafi aka bar rinar.

Baba Ilu: Alhaji na ji. Amma daga 900 ɗin aka sauko zuwa 400 da 'yan kai a 2013 da 2014, kuma lokacin ana tarewa. Wannan ma a rubuta.

Barista Nura: An rubuta Baba. A ƙara da wannan: tarewar ba ta mutu ba, riga ta sauya. Da aka takura ta masu tafiya a ƙafa sai aka koma tsayar da motoci, kan fitila ko lamba. Daga ƙasa da 100,000 a 2015, zuwa 2019 abin ya haura 500,000 a shekara, a unguwannin nan dai. Duk da haka 2021 aka kashe kusan 800.

Bashir: Ni abin da ke ɗaure mini kai, ana cewa dokar bindiga a Shikago ta fi ta ko'ina tsauri. Ina amfaninta?

Barista Nura: Tsohon zance ne. Haramcin mallakar ƙaramar bindiga da birnin ya kafa a 1982, Kotun Ƙoli ta karya shi a 2010. Kuma birni ba shi da ganuwa. Rahoton da hukumar birnin ta fitar a 2017 ya nuna kusan shida cikin goma na bindigogin da aka kama daga wasu jihohi aka sayo su, ɗaya cikin biyar daga Indiyana, wadda tafiyar rabin sa'a ce daga kudancin gari. Yanzu kuma ga wani ɗan ƙarfe da ake maƙala wa bindiga ƙirar Glock ta koma mai aman harsashi ba tsayawa, har birnin ya kai kamfanin kotu a 2024.

Hajiya Rabi: Mu ne shaidar wannan ƙarfen. Da mutum zai zo da rauni ɗaya ko biyu, yanzu sai ka gaji da ƙirga.

Amma bari in faɗi abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. A 2016 da 2017, yawancin kisan da aka yi 'yan sanda ba su gano wanda ya yi ba. Harbin da mutum bai mutu ba kuwa, ba a ma maganarsa. Ka sa kanka a matsayin yaro ɗan 19 da aka kashe wansa. Duk layi an san wanda ya yi, yana ganinsa a shago, hukuma ba ta taɓa shi ba. Tun yana bakin gadon asibiti, abokansa na waje suna shirya ramuwar gayya. Runduna ta sami dubban jami'an da za su caje aljihun mutanen da ba su yi komai ba, amma ta rasa isassun masu binciken da za su kama mai kisa. Wani malami, Andrew Papachristos, ya nuna yawancin waɗanda ake harbi suna cikin wata 'yar ƙaramar da'ira ta mutanen da suka san juna. Ba unguwa duka ba ce.

Baba Ilu: 'Yata, nan kin taɓo inda na sani. Mai bincike ba boka ba ne. In mutum ashirin suka ga kisa, kowa ya ce yana ɗaure takalmi, da me za a je kotu? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Alhaji Sani Direba: Shirun nan gado ne, Baba. Wani kwamanda Jon Burge da yaransa sun yi kusan shekara 20, daga 1972 zuwa 1991, suna gana wa baƙar fata azaba da wutar lantarki da leda don su amsa laifi. Sama da mutum 100. Sai 2015 birni ya ware dala miliyan 5.5 na diyya. Jikokinsu ne ake cewa su zo su ba da shaida. Ga kuma wanda ya ba da shaidar, gobe layin nan zai koma ya kwana.

Bashir: Akwai dalili na uku da ba wanda ya ambata. Shirin CeaseFire da likita Gary Slutkin ya fara a unguwar West Garfield Park a 2000, na ɗaukar tsofaffin 'yan daba su riƙa shiga tsakani kafin a rama. A watan Maris 2015 rikicin kasafin kuɗin gwamna Bruce Rauner ya datse kuɗinsa, aka sallami yawancin ma'aikatan. Shi ma gab da 2016 ne.

Baba Ilu: A biya ɗan daba albashi ya roƙi ɗan daba? Wasunsu ai an sake kama su. In za a yi, a yi irin na Boston a 1996: a tara gungun a ɗaki ɗaya, ga 'yan sanda, ga limaman coci, ga iyaye, a ce musu wanda ya ajiye za a taimake shi, gungun da ya sake harbi kuwa dukkansu za a bi. Kisan matasa ya faɗi da kusan kashi 60 cikin 100. Da sanda a hannu aka yi lallashin.

Barista Nura: Baba ka lura ka bar matsayinka? Na Boston mutanen da aka sani da suna aka nufa. Wannan kishiyar caje kowa ne.

Baba Ilu: Ban bari ba. Kuma in tambaye ka, me ya sa magajin gari Brandon Johnson ya cire ShotSpotter a Satumban 2024, na'urar da ke jin ƙarar harbi ta sanar da 'yan sanda?

Barista Nura: Don ofishin babban sufeton birni ya duba a 2021, ya ga cikin kira goma na na'urar, ko ɗaya cikakke ba ya kai ga shaidar laifin bindiga. Miliyoyin daloli kan wannan?

Hajiya Rabi: Nan kam na rabu da kai, Barista. Ba kama ɓarawo nake auna ta da shi ba. A wasu layukan an daina kiran lambar gaggawa ta 911 in an ji harbi, sai mutum ya kwanta a lungu jini na zuba babu wanda ya sani. Mintuna biyar a wurinmu rai ne. Kansilolin unguwannin da abin ya fi shafa da yawansu sun ce a bar ta, majalisar birni ma ta jefa ƙuri'ar a bar ta, shi ya ƙi.

Barista Nura: Na karɓi wannan rabi, Hajiya. Sai dai kisa ya sauko ƙasa da 600 a 2024, ya ƙara sauka sosai a 2025, babu na'urar, babu tsohon cajen.

Baba Ilu: Ya sauka a kusan duk manyan biranen Amurka a shekarun nan, masu na'ura da marasa ita. In ba ka yarda in jingina hawan 2016 ga abu ɗaya ba, kai ma ba za ka jingina saukar 2025 ga naka ba. Kuma 2016 ba haka take ba, hawan Shikago ya yi wa na sauran birane fintinkau. Kun kawo mini dalilai uku da suka faɗo tare da nawa, ba ku cire nawa daga cikinsu ba.

Hajiya Rabi: Ba mu cire ba, Baba. Amma da za a ba ka sabbin jami'ai 500 gobe, titi za ka tura su ko ofishin bincike?

Baba Ilu: 300 bincike, 200 titi. Kuma na titin ba za su cika takarda mai shafi biyu ba.

Barista Nura: Za su cika, ranka ya daɗe. Tun 2019 rundunar tana ƙarƙashin sa idon kotun tarayya, kuma daga baya an shigar da maganar tarewar a ciki.